Tafkin da Ba Ruwa a Cikinsa: Muhawara kan Jingar Ƙasa a Mancesta da Bamingham

Wata Asabar, 'yan watanni bayan ambaliyar Maiduguri ta 2024, wani taubashina Babarbare da ke karatu a Bamingham ya hau jirgin ƙasa ya zo mini yini a Mancesta. Da muka gama da tuwon semo da miyar kuka, na ce ya sa takalmi mu fita in nuna masa wani tafki. Muka shiga bas zuwa Salford, muka sauka a unguwar Kersal, muka hau wata doguwar jinga lulluɓe da ciyawa wadda ta zagaye wani makeken fili a lanƙwasar kogin Irwell. A ƙasa yara na buga ƙwallo, wata tsohuwa na biye da karenta, can gefe guda kuma 'yar fadama ce agwagin ruwa na ta kiwo. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Kai Bafulatani, ina tafkin? Ko makiyaya ka gano za ka ƙauro da shanun babanka?"

Na ce masa tafkin ke nan yake kallo. Wurin tsohon filin sukuwar dawakin Mancesta ne, wanda aka rufe a 1963. Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila da majalisar birnin Salford suka haɗa hannu, aka kashe kimanin fam miliyan 10 aka zagaye shi da jingar ƙasa, aka kammala a 2018. Shekara ta fito ta koma yana nan a bushe. Ranar da Irwell ya cika ya fara leƙen gidajen mutane, sai a karkato da wani kaso na ruwan ya kwanta a kan filayen ƙwallon nan, har kubik mita 650,000, in kogin ya sauka a sallame shi ya bi sawun 'yan'uwansa. Lissafin hukuma shi ne hakan na kare gidaje da shaguna kusan 2,000.

Dariyar da yake yi ta ɗauke. Ya juya ya dubi rufin gidajen da ke bayan jingar, ya daɗe bai ce komai ba. A watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, a kwale-kwale aka fito da mahaifiyarsa daga Gwange. Can ya ce, "Wato duk mutanen nan, tsakaninsu da ruwa tulin ƙasa ne kawai? Wallahi ko kyauta aka ba ni ɗaki a ƙarƙashin jingar ƙasa ba zan kwana ba."

Tun ranar nake juya maganar nan tasa, domin ba ta wawa ba ce, kuma Turawan da kansu ba su gama yanke hukunci a kanta ba.

Masu son irin wannan madatsa da tarihin kogin suke fara kafa hujja. Irwell ba wani babban kogi ba ne. Wanda ya san Kwara a Lakwaja ko Binuwai a Yola rafi zai kira shi. Amma daga tsaunukan Pennine yake gangarowa da gudu, ya ratsa tsofaffin garuruwan masaƙu irin su Bacup da Ramsbottom da Bury, kuma tun zamanin da Mancesta ta zama cibiyar saƙar auduga aka matse shi da masana'antu da gidajen leburori har bakin ruwa. Ya ci Salford a 1866, ya sake ci a 1946, sannan washegarin Kirsimeti na 2015 ya shiga gidaje kusan 750 a Lower Broughton da kewayenta, mutane na cikin hutu, kwanukan biki ma ba a gama wankewa ba.

To me za a yi wa kogin da aka riga aka ƙwace masa fadamarsa? Katangar kankare a gaɓa tana tsare wanda ke bayanta, amma ruwan da ta hana shiga gidan Audu ba ɓacewa yake yi ba, gaba yake yi da ƙarin ƙarfi ya faɗa gidan Tanko. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim ba sai an yi musu lacca a kan wannan ba: duk damina ƙauye na ɗaga jingarsa da buhunan ƙasa, na ƙetare na kallo, ya san in ta tsaya ruwan wajensa zai juyo. Tafkin ajiya dabararsa daban ce. Ambaliyar kogi irin Irwell ba ta daɗewa. Ruwan na hawa cikin 'yan sa'o'i, ya kai maƙura, ya fara sauka, kuma ɓarnar duka a wannan tozon take. In aka sami inda za a sauke tozon ya jira kwana ɗaya ko biyu, sauran ruwan kogin zai iya ɗaukar kayansa ya wuce ba tare da ya taɓa ƙofar kowa ba.

An ga aikin dabarar a kudancin Mancesta, inda kogin Mersey ke da irin waɗannan tafkuna guda biyu, ɗaya a Didsbury ɗaya a Sale. A daren 20 ga Janairu 2021, ana tsakiyar kullen korona, guguwar da aka laƙaba wa suna Christoph ta cika Mersey har 'yan sanda suka bi gidaje kusan 2,000 a Didsbury da Northenden suna cewa a fita. Aka buɗe ƙofofin tafkunan, ruwa ya haɗiye filayen golf da na rugby da lambunan haya. Da gari ya waye, tazarar da ta rage tsakanin ruwan da saman jinga 'yan santimita ce, amma bai tsallaka ba. Waɗanda suka kwana a gidajen 'yan'uwa suka dawo suka tarar da darduma a bushe. Duk wanda zai ce madatsar ƙasa ba ta da amfani, da mutanen nan zai fara yin muhawara.

Bamingham ma hanyar ta bi, ko da yake ita a kan tudu take kuma kogunanta ƙanana ne. Kogin Tame ya saba shiga unguwannin Witton da Perry Barr, kamar yadda ya yi a watan Yuni na 2007. Da aka zo neman magani, sai aka hau sama da unguwannin zuwa kwarin Sandwell, wajen Forge Mill, aka tare kwarin da jingar ƙasa mai ƙofofi wadda za ta iya riƙe kubik mita miliyan 1.7, don kare gine-gine kusan 1,400. A Selly Park ma, a kan kogin Rea, an yi ƙaramar irinta. A ranakun da ba ruwa, masu keke da masu kallon tsuntsaye ne suka mallaki wuraren.

Me ya sa ƙasa, ga siminti ga ƙarfe a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ba? Saboda tsawon da ake buƙata. Jingar da za ta zagaye fili mai faɗin unguwa guda, in da kankare za a yi ta, kuɗin sai ya ninka sau da yawa. Ƙasa kuwa ga ta nan a ƙarƙashin ƙafa. A Kersal ɗin ma daga cikin filin aka haƙo ta, ramin da ya rage ya zama fadamar agwagin da muka gani, kamar dai yadda Kanawan da suka haƙi ƙasar gini suka bar kududdufi a bayan unguwa. Ana shimfiɗa ta hawa-hawa ana dannewa da katafila, a sa yumɓu inda ake son hana ruwa ratsawa, a yi mata gindi mai faɗi, a rufe ta da ciyawa mai riƙe ƙasa. In harsashin ya ɗan motsa, kankare tsagewa yake yi, ƙasa kuwa tana iya lanƙwasawa ta bi shi. Ganuwar Kano da ƙasa aka yi ta, ta kuma yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Abin da ya kayar da ita a wurare da dama ba rauninta ba ne, daina yaɓe ne da masu yankan fuloti.

Wannan maganar ta yaɓe ita ce ƙofar da taubashina da masu ra'ayinsa ke shigowa ta ciki, kuma ba sai sun je Borno neman misali ba. Akwai shi a bayan gidan Mancesta.

Whaley Bridge ƙaramin gari ne a gundumar Derbyshire, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a jirgin ƙasa daga Mancesta. A samansa akwai madatsar Toddbrook, tulin ƙasa mai zuciyar yumɓu, tsayinta kimanin mita 24, wadda aka kammala wajen 1840 don ta riƙa shayar da kanal ɗin Peak Forest, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage. Na je wurin. In ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, sai ka ga kamar wani tsauni mai ciyawa, in ka hau samanta ka juyo, ga rufin makarantar firamare da shaguna da layin dogo a ƙarƙashin ƙafarka. A ƙarshen Yulin 2019 aka kwana biyu ana tafka ruwa, tafkin ya cika, rara ta bi ta kan wata shimfiɗar kankare da aka ƙara wa madatsar wajen 1970 don irin wannan rana. Ranar Alhamis 1 ga Agusta sai aka ga falankin kankaren sun rufta, ga jar ƙasa a fili, ruwa ya riga ya rarake ta ta ƙarƙashi. Aka umarci mutane kusan 1,500 su bar garin nan take. Jirgin soja mai saukar ungulu ya riƙa jigilar manyan buhunan tsakuwa, kowanne kimanin tan guda, yana jera su a cikin ramin ɗaya bayan ɗaya har ɗaruruwa, 'yan kwana-kwana kuma suka kafa injunan zuƙe ruwa dare da rana. Sai da aka yi kusan mako guda kafin a bar mutane su koma gidajensu. Ba a rasa rai ba. Da ruwan saman ya ƙara awa kaɗan, da wani labarin ake bayarwa, kuma kogin Goyt da ke ƙasa kai tsaye yake gangarawa Stockport ya zama Mersey.

Ciwon madatsar ƙasa ke nan. Abokin gabarta shi ne abin da aka gina ta ta riƙe. In ruwa ya hau ta kanta, zaizayar ta yake yi ta baya kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga, cikin ƙanƙanen lokaci ya yanka ta gida biyu. In kuma ya sami 'yar kafa ta ciki, ramin zomo ko ruɓaɓɓen saiwar itace ko gefen wani tsohon bututu, sai ya riƙa ɗebe ƙasa ƙwaya-ƙwaya ba wanda ya gani, har kafar ta zama rami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa wannan tsagar sau da yawa a ɓoye take.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin Toddbrook shi ne ba a ƙasar da ba doka abin ya faru ba. Birtaniya da jinin mutanenta ta rubuta dokar madatsun ruwa. A 1852 madatsar Bilberry ta kashe mutum 81 a Holmfirth. A 1864 ta Dale Dyke ta ɓalle a kan Sheffield ta kashe aƙalla 240. Bayan mutum 16 sun mutu a Dolgarrog ta Wales a 1925 aka yi dokar 1930, aka sabunta ta a 1975. A ƙarƙashinta, babban tafki mai ɗaukar fiye da kubik mita 25,000 wanda ɓallewarsa za ta iya cin rayuka dole ya kasance da injiniya mai sa masa ido kullum, kuma wani injiniyan mai zaman kansa ya yi masa binciken ƙwaƙwaf aƙalla sau ɗaya a shekara goma. Tun 1925 ba a sake rasa rai ba sanadiyyar ɓallewar madatsa a ƙasar, wannan kuwa ba ƙaramin abin alfahari ba ne. Duk da haka, da gwamnati ta sa Farfesa David Balmforth ya binciki abin da ya faru, rahotonsa na 2020 ya ɗora laifin a kan rashin kyan tsarin mafitar rarar tun farko da kuma gyaran da ake yi mata jefi-jefi. Ya kuma nuna cewa madatsa na iya cika sharuɗɗan doka a takarda alhali ba lafiya gare ta ba. In haka ta faru inda ake da injiniyoyi da kasafi da 'yan jarida masu bin diddigi, taubashina na da damar tambaya: ina ga inda ba a san ranar da aka yi wa madatsa duba na ƙarshe ba?

Za a ce Toddbrook ba don ambaliya aka gina ta ba. Gaskiya ne. Amma madatsun Derna guda biyu a Libiya don ambaliya aka gina su a shekarun 1970, na ƙasa da duwatsu ne masu zuciyar yumɓu, kuma shekara da shekaru suka tsare garin har mutane suka saki jiki suka cika bakin kwarin da benaye. A daren 10 wayewar 11 ga Satumba 2023 suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, ruwan da da zai zo a hankali cikin yini guda ya zo a dunƙule cikin mintuna, dubban mutane suka mutu. Madatsa ba ta soke ambaliya. Ƙananan da ke zuwa a kai a kai take haɗiyewa, ta bar babbar da ke zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum, kuma kafin wannan ta zo ta riga ta koya wa jama'a mantuwa. Wanda ruwa ke shiga tsakar gidansa duk shekara uku yana ɗaga dandamalin ɗakinsa, ya san inda zai kai rumbu. Wanda aka ce masa an gama da ruwa, shi ne ke gina ɗakin kwana a ƙasan ƙasa.

Kuma kowane tafki da iyakar cikinsa. Ranar da Lower Broughton ta nutse a 2015, Salford na da tafkin ajiya na farko a titin Littleton tun 2005. Ya cika maƙil, ruwa ya ci gaba da zuwa. Masu goyon baya suna cewa da ba shi da ɓarnar ta fi haka, ga shi kuma an ƙara na biyu a Kersal. Masu suka suna cewa to in na biyun ya cika fa, na uku a ina za a sa shi, tunda filin sukuwa ɗaya ne garin ke da shi? Ga shi kuma sauyin yanayi na ƙara wa ruwan sama nauyi, ma'aunin da aka yi lissafi da shi jiya ba lallai ya yi aiki jibi ba. A ranar farko ta 2025 ma ruwa ya sake tayar da ɗaruruwan mutane a Didsbury da Stockport, ya kuma fasa gefen kanal ɗin Bridgewater kusa da Dunham Massey, shi ma tulin ƙasa ne. Akwai kuma ambaliyar da ba ruwanta da kogi. Ranar 27 ga Mayu 2018, a Edgbaston ta Bamingham an auna ruwan sama fiye da milimita 50 cikin awa guda. A kan kwalta da rufin gidaje ya sauka, magudanu suka kasa haɗiye shi, tituna suka zama rafuka. Jingar da ke can saman gari ba abin da za ta yi wa ruwan da ya sauka a ƙofar gidanka.

Akwai masu cewa a bar tara ƙasa a bakin gari, a koma inda ruwan ke fitowa. A kan tsaunukan da ke tsakanin Mancesta da Sheffield, irin su Kinder Scout da Bleaklow, hayaƙin masana'antu da kiwo da gobara sun ƙone gansakukar da ke shanye ruwa kamar soso, har ƙasar ta zama baƙa tsirara. Tun 2003 ƙungiyar Moors for the Future ke toshe ƙoramun zaizaya tana sake dasa gansakukar, don ruwa ya riƙa saukowa a hankali. Aiki ne mai kyau, kuma manomin Tawa ko Maraɗi da ya san jeren duwatsu da ramin rabin wata zai gane shi da kallo ɗaya. Sai dai garin da aka fi buga misali da shi a wannan fanni, wato Pickering a arewacin Yorkshire, wanda ya tsira a ambaliyar Disambar 2015 bayan an dasa itatuwa an kuma tare ƙoramu da gumagumai, shi ma a tsakiyar shirinsa akwai jingar da ke riƙe kubik mita 120,000. Masu yabon itatuwan ba su cika ambaton wannan ba.

Ni dai ga inda na tsaya, ko da yake da ƙafa ɗaya. Muhawarar na cakuɗewa ne saboda ana kiran abubuwa biyu da suna ɗaya. Akwai madatsar da amfaninta ya dogara da cikarta, akwai wadda amfaninta ya dogara da zamanta fanko. Toddbrook ta farko ce: masu jiragen kanal ruwa suke so, don haka a cike ta zauna kusan shekara 180 a kan garin, ranar da babban ruwa ya zo ba ta da wurin sa shi. Kersal da Didsbury da Forge Mill na biyu ne: kwanakin da suke ɗauke da ruwa a shekara ba su taka kara sun karya ba, kuma ana cika su ne ido na kallo, bayan an yi gargaɗi, ma'aikata na tsaye a kan jinga. Haɗarin da mutumin Lower Broughton ya ɗauka da zama kusa da busasshen tafki bai kai wanda zai ɗauka in ba tafkin ba. A kan wannan ina tare da masu gini.

Da wannan ma'aunin ne kuma nake ganin inda tamu ke yi mana ciwo. Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, da Challawa, da Goronyo, da Bakolori, da Alau, duk don noman rani da ruwan sha aka fi gina su, sannan a ƙara da cewa za su rage ambaliya. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai kula da dam yana son ƙarshen damina ya same shi a cike, domin shinkafar Kadawa da tumatirin Kura da famfunan birni da wannan ruwan za su rayu har wata damina. Amma a Agusta da Satumba, daidai lokacin da ya kusa cika, manyan ruwaye ke sauka. In ya saki ruwa da wuri damina ta ɗauke, manoma su tsine masa. In ya riƙe ruwa ya ƙaru, ko dai ya buɗe ƙofofi a kan mutanen ƙasa, kamar yadda mazauna gaɓar Binuwai suka gani daga Lagdo ta Kamaru a 2012 da 2022, ko kuma madatsar ta buɗe da kanta, kamar Bagauda a Agustan 1988. Ba mamaki ba ne cewa ambaliyar Alau ta 1994 da ta 2024 duk a Satumba suka zo.

Ƙafar da ban sauke ba kuwa dalilanta uku ne, kuma taubashina ne ya ba ni biyu daga ciki. Na farko, busasshiyar madatsa ba a san ƙarfinta ba sai ranar da aka fi buƙatarta. Wadda ke cike kullum, in ta fara yoyo ana ganin damshi a bayanta. Wadda ke bushe tana iya yin shekara goma zomaye na gina gidaje a cikinta, zafin bazara na tsattsaga yumɓunta, ba mai sani. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa cikar farko ita ce mafi haɗari ga madatsar ƙasa, ita ma Dale Dyke a cikarta ta farko ta ɓalle, kuma tafkin da ba ya cika sai jefi-jefi kusan kullum a cikar farko yake. Shi ya sa dokar 1975 ba ta ɗaga wa busassun tafkunan ƙafa ba, shi ya sa kuma ciyawar da ke kan jingar Kersal take a aske kamar kan ango. Ba don ado ba ne, don mai duba ya ga tsaga ko rami ne. Kuɗin askin nan da na mai duban ba sa ƙarewa, kuma ba ɗan siyasar da ke yanka kirtani a kansu.

Na biyu, fankon fili a tsakiyar birni dukiya ce mai jan ido. A Salford doka ta tsare shi. A wajenmu, kududdufan Kano tafkunan ajiya ne da kakanni suka bar mana kyauta, ruwan unguwa ya taru a ciki ya nutse a hankali. An cike da yawansu da shara an yanka an gina shaguna, yanzu ruwan da ba shi da masauki a ɗakunan mutane yake kwana. Taubashina ya ce in aka yi irin Kersal a garinsu, kafin shekara biyar sai an ga harsashin gidan mai a tsakiyarsa. Na so in musa, sai na tuna garina.

Na uku shi ne wanda ke biya. A Didsbury filin golf ne ke nutsewa, masu wasa su yi haƙurin mako biyu. A wajenmu gonar wani ce, kuma mutanen Bakolori ba su manta da 1980 ba, shekarar da manoman da suka tsaya kan haƙƙin gonakinsu suka gamu da harsashi. Ga shi kuma barin tafki fanko wata alfarma ce ta ƙasar da ake ruwa wata goma sha biyu. Mutumin Mancesta ruwa ya ishe shi, burinsa ya wuce. Mutumin Kano wata huɗu yake ganin ruwan sama, in ka ce masa ya gina dam ya bar shi a bushe don wata ranar da ba a sani ba, kallon mahaukaci zai yi maka, kuma yana da hujja. Abin da za a iya aro daga nan ba shi ne a zubar da ruwan Tiga ba. Raba aikin ne: manyan madatsu su riƙe ruwan rani da ƙa'idar saki wadda kowa ya sani, fadamu da kududdufan da suka rage a gefen birane kuma a killace su a bar wa ambaliya, a riƙa noma su ko kiwo ko ƙwallo a ciki amma ban da gini.

Da yamma na raka shi tashar Piccadilly. Har ya shiga jirgi bai janye rantsuwarsa ba. Na tambaye shi a wace unguwa ma yake haya a Bamingham, ya ce Ladywood, kusa da titin Icknield Port, har yakan je gudun safe a gefen wani tafki mai kyau da ke sama da su. Na ce in ya je gobe ya tsaya a gefen da ke fuskantar tsakiyar gari ya leƙa ƙasa. Tafkin Edgbaston ke nan, wanda injiniya Thomas Telford ya gina a shekarun 1820, kuma abin da ke riƙe da shi jingar ƙasa ce mai tsawon mita 330 da tsayin mita 10, a cike take ba fanko ba.

Washegari da hantsi sai ga hoto a waya: jingar, da ciyawarta a aske, da sababbin gidaje jere a gindinta. A ƙarƙashin hoton ya rubuta, "Allah ya isa, Bafulatani. Na biya kuɗin haya har watan Yuni."